Fankar Kwamfuta da Kunnen Baba

Ranar Talata

Zuwa ga Maigidana,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Ya aiki, ya rana? Ya ciwon bayan nan, ka daina ɗaga abin da ya fi ƙarfinka ko kana nan da halinka? Direban kamfaninku ya kawo takardarka ranar Asabar. Na karanta ta sau uku, sannan 'yarmu Auta ta karɓe, ta riƙe ta a juye tana ta zuba labarin da ba ka rubuta ba. Tunda har yau babu sabis a sansanin da kuke shimfiɗa titin nan, sai mu ci gaba da biro da takarda kamar lokacin da kake nemana.

Mu nan lafiya lau. Babana yana gaishe ka. Idon yana nan yadda ka bar shi, haske da inuwar mutum kawai yake gani. Yana cin abinci, yana shan magani, amma magana sai an tambaye shi. Yakan wuni a kujerarsa ta falo, ƙarƙashin agogon bangonsa, hannuwansa a kan gwiwa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo, bakinsa bai taɓa hutawa ba a shago, yanzu tun rasuwar Inna sai ka ce baƙo ne a gidan 'yarsa.

Ga wani labari mai daɗi. Ka san ɗakin karatun nan na makafi da ke bayan tasha? Suna neman masu karanta littattafan makaranta a naɗi muryarsu, don ɗaliban da ba sa gani su riƙa saurara. Na je na gabatar da kaina. Malamar da ke kula da aikin ta ce in karanta shafi goma a gida in naɗa in aika mata. In ya yi, duk wata za a ba ni littafi. Maigida, tun da na ajiye koyarwa don in zauna kusa da Baba ban ji wani abu ya shiga raina kamar wannan ba. Aiki ne da zan yi a falona, ina jin tarin Baba, ina jin motsin Auta. Kai da ka sa mini suna Rediyon Gida, to ga shi rediyonka ya samu tasha.

Sai dai kwamfutarka da ka bar mini ta kunyata ni. Kai da ka saba da kukan katafila ba mamaki ba ka taɓa jin ta ba, amma minti biyar da kunnawa fankar cikinta sai ta tashi, fuuu, kamar injin markaɗe, kuma ba ta sauka sai an kashe. Ni ma na saba da ita, shi ya sa ban damu ba. Na zauna na karanta shafi goma tsaf, ko tuntuɓen harshe ban yi ba, na aika ina jin kaina. Washegari Malama ta kira ni tana dariya. Ta ce murya kam Allah ya ba ni, amma a cikin jirgin sama na yi karatun ne? Ta ce wanda ba ya gani da kunne yake karatu, ƙara irin wannan ta awa guda za ta sa masa ciwon kai. Na saurari abin da kaina, wallahi kunya ta kama ni. Muryata tana can ƙasa kamar mai kira daga rijiya.

Ta ba ni zuwa Litinin ta sama in sake. Mutum uku suke so, mu takwas muka nema.

Kada ka sa wannan a ranka, zan san yadda zan yi. Ka dai riƙa sa hular nan mai faɗi da na sa maka a jaka, ban saya ta don ado ba.

Taka,
Rediyon Gida


Ranar Juma'a

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, jiki da zuciya. Direba ya ce gobe da sassafe zai koma, shi ya sa nake rubuta wannan a tsaye, tukunya tana kan wuta. Auta ta yi mura amma ta warware. Ta ce a gaya maka haƙorinta yana motsi, kuma kada ka dawo sai ya fita don ka yi mamaki.

Maganar kwamfuta kuwa, na sha fama. Da farko na ce tunda ƙara ce matsalar, bari in toshe ta. Na ɗora ta kan filo, na jera wasu biyu a gefenta. An gudu ba a tsira ba, ƙarar ta ninka, ƙasanta ya yi zafin da za ka iya goge riga da shi, can sai ta kashe kanta ɗif. Na ce shi ke nan, garin neman gira na rasa ido. Sai da ta huce ta yarda ta tashi.

Maƙwabciyarmu tela ta shigo aron almakashi ta same ni ina yi wa kwamfuta fifita da murfin kwali. Ta yi dariya har da zama a ƙasa. Ita shawararta in ajiye gorar ruwan sanyi a gefenta. Na gwada, gorar ta yi gumi, ruwa ya fara gangarowa kan tebur, na ɗauke da gudu. Na kuma ajiye ta a bakin ƙofa, ni ina daga ciki da makirfo, amma wayar ba ta kai ba, ga shi a kwamfutar nake ganin shafukan.

Yau da safe na kai ta wurin mai gyara a kasuwa. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya nuna mini kantar shagonsa cike da kwamfutocin mutane, ya ce in zan bar ta sai nan da kwana goma. Na rungumo abata na dawo.

To ga abin da ya sa na ce dole takardar nan ta bi direba. Da na dawo na kunna ta a falo, na zauna na zuba mata ido, raina a jagule. Sai na ji Baba daga kujerarsa ya ce, "'Yar nan, matso da ita nan." Na zaci Auta yake nufi. Ya ce a'a, mai kukan. Na kai masa, ya kara kunnensa a gefenta, ya daɗe a haka, ya juya ta ya kara ɗaya gefen. Sannan ya ce, "Ciwo biyu ne da ita. Akwai na numfashi, hanyar iskarta ta toshe. Akwai kuma wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin hucin, wani abu yana taɓa fiffiken. Ke ba ki ji?" Na kasa kunne, ban ji komai ba sai fuuu. Ya ce kwana nawa yana jin ta, abin yana ci masa rai, ya yi shiru ne don ba a tambaye shi ba.

Maigida, wannan magana ta tsaya mini. Ina ta zagaye gari da ita, ban taɓa tunanin in tambayi wanda ke zaune taku uku daga teburina ba.

Ya ce gobe da hantsi, idan haske ya shigo ta taga, in sauko masa da akwatin kayan aikinsa daga saman kabad. Ka san rabon da a buɗe akwatin nan tun ranar da ya rufe shago. Na ce Baba, wannan fa ba agogo ba ce. Ya ce duk abin da ke juyawa ɗan uwan agogo ne.

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Kwamfutarka ce, hotunan Auta tun tana jaririya suna ciki. Na kwashe su a 'yar ma'ajiyar nan da ke jikin makullanka. In na lalata ta, ka yafe mini tun yanzu.

Matarka mai kewarka,
Rediyon Gida


Ranar Lahadi

Zuwa ga Maigidana abin alfaharina,

Sallama irin ta masu kewar juna. Ya gajiyar mako? Ina fatan an ba ku hutun yau kun miƙe ƙafa. Mu duk lafiya, kuma ka gyara zama, don yau rediyonka da dogon shiri ya zo.

Jiya da hantsi na aika Auta gidan tela, na jawo tebur bakin taga. Baba ya ce in shimfiɗa farin ƙyalle, don in noti ya faɗi a gan shi. Na ajiye masa akwatin a gabansa. Bai buɗe nan da nan ba, sai da ya shafa murfin da tafin hannu. Da ya buɗe, warin man agogo ya bugi hancina, na ga kaina ina 'yar shekara bakwai a kan bencin shagonsa ina kaɗa ƙafa. Yatsunsa suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ko kuskure babu: ƙananan sukudireba, hantsaki, burushi mai laushi, da 'yar robar nan da ake matsawa ta hura iska. Ya miƙo mini gilashinsa na ido ɗaya ya ce, "Yau ke ce idon, ni ne kan."

Na kashe kwamfutar, na zare caja, na kifa ta. Noti goma ne a bayanta. Ya ce kowanne na cire in ajiye shi a kan ƙyallen daidai gurbin da ya fito, don ba duka tsawonsu ɗaya ba. Na kama na farko da ƙarfi, sai ya ce, "Ba ludayi ba ne a hannunki. Danna a hankali, ki bar shi ya juya da kansa." Ta yaya ya sani? Wai ƙarar ƙarfen ya ji. Haka ya yi ta yi mini faɗa har noti na goma, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba.

Murfin ya ƙi ɗaguwa. Na ɗauko wuƙa, ya ce in mayar da ita kicin inda ta fito. Da tsohon katin asibitina na roba muka bi gefe-gefe, yana ɓas, ɓas. Da ya buɗe, Baba ya ce in faɗa masa duk abin da nake gani, daga hagu zuwa dama, kada in tsallake komai. Na ce ga wani baƙin abu mai faɗi da waya a jikinsa. Ya ce batir ke nan, in zare wayarsa kafin in taɓa wani abu, ba a yi wa mai rai fiɗa.

Sannan na ga fankar. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai murfin kwalba biyu ba, ita ce duk ta hana ni sakat. Tsakaninta da ƙofar da iska ke fita akwai wani abu toka-toka, na zaci da shi aka ƙera ta. Na sa hantsaki na ja, sai ga shi ya taso gaba ɗaya kamar guntun bargo. Ƙura ce da zare da gashi, na shekara nawa oho. Na ɗora wa Baba a tafin hannu, ya murza, ya ce, "Da wannan a hancinki ke ma sai ki yi gurnani." Ya ce in dafe fiffiken da yatsa kada ya juya, sannan in share da burushi in hura. Na yi atishawa ta fi biyar.

Na ce to an gama. Ya ce saura ƙas-ƙas. Na duba da gilashi, ban ga komai ba. Ya ce in kama yatsarsa in ɗora a kan fankar. Maigida, hannun nan da ke rawa in zai ɗauki kofin shayi, da ya sauka kan fankar sai ya tsaya cak. Ya juya ta a hankali, sau ɗaya, sau biyu, ya ce, "Nan." Na leƙa ƙarƙashin inda ya nuna, sai ga ɗan guntun takarda mai gam, irin wadda ake liƙawa a jikin waya, ya ɓalle ya lanƙwaso yana shafar fiffike. Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na cire shi. Na ga murmushi a gefen bakin Baba.

Na mayar da murfi, noti goma suka koma gidajensu, na juyo ta na danna. Shiru. Na sake dannawa. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Hawaye suka cika mini ido, na ce Baba na kashe ta. Shi kuwa ko gezau. Ya ce in faɗo masa duk abin da na yi tun daga farko, sannan in faɗo yadda na mayar. Ina cikin lissafowa na tsaya da kaina. Wayar batir! Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun Inna tana da rai, har da tari. Ya ce shi ma ya taɓa rufe agogon wani alƙali ya bar gashin agogon, siririn ƙarfen nan da ke sa shi bugawa, a kan tebur. Muka sake kwance noti goma.

Wannan karon ta tashi. Muka zauna muna jira, minti biyar, minti goma. Sai wani ɗan huci siriri, kamar numfashin jariri mai barci. Na ɗora ta kan murafen kwalba huɗu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Kai kuma akwai maganarka: na tarar da shafuka sun fi talatin a buɗe, rabinsu na ƙwallo, da wasu abubuwa da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna. Malama ta kwatanta mini ta waya yadda zan rufe su. Ashe ba ƙura kaɗai ke sa baiwar Allah haki ba, har da kayan da ka ɗora mata.

Yau da safe na zauna naɗi. Da na saurari shafin farko sai na ji wani sabon abu, tak, tak, tak. Agogon bangon Baba ne, da ƙarar fanka ta rufe shi. Ka san yadda yake da agogon nan, ko ranar da muka kwaso kayansa a cinyarsa ya riƙe shi har gida. Sai kawai ya miƙe, ya laluba, ya buɗe gilashin ya tsayar da shi da yatsa. Ya ce, "Karanta. Lokaci ba zai ɓata ba don an daina ƙirga shi na minti arba'in."

Na karanta, na aika. Saura jiran gobe. Ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba, makon nan bai tafi a banza ba.

Ka gaida abokan ɗakinka, musamman mai munsharin.

Taka har kullum,
Rediyon Gida


Ranar Alhamis

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya tsare mini kai. Ya jiki, ya aiki? Na ga takardarka. Ka ce shafukan ƙwallon na bincike ne, to na ji, Allah ya ba da sa'ar bincike. Haƙorin Auta ya fita, amma ka yi kamar ban faɗa maka ba.

An ɗauke ni. Malama ta kira ranar Litinin da rana, ta tambaye ni ko sabuwar kwamfuta na saya. An ba ni littafin kimiyya na 'yan aji biyu, shafi ɗari da sittin. Kullum in Auta ta tafi makaranta sai in yi awa biyu. Baba ne mai tsayar da agogo, shi ne kuma ɗalibina na farko. Yana zaune yana saurara, in na yi sauri ya ɗaga hannu. Ya ce mai ido in ya ɓata sai ya koma layin baya, mai kunne kuwa in kin wuce shi kin wuce shi. Da na zo kan wani zane na ce "kamar yadda kuke gani a nan", ya tsayar da ni ya ce su wa ke gani? Dole na koyi kwatanta zane da baki. Malama ta ce a cikinmu uku nawa ya fi sauƙin bi, ban gaya mata sirrin ba tukuna.

Tela kuma ta baza labari a layi. Shekaranjiya ta kawo kekenta wai yana tsallake ɗinki, jiya mai shagon kusurwa ya kawo agogon hannun mahaifinsa. Akwatin Baba bai koma saman kabad ba. Ya ce hannuna ya fara laushi, nan da shekara goma zan iya zama 'yar koyo.

Jiya bayan na gama shafukana, ina shirin rufewa, sai ya ce ko na'urar nan tana ɗaukar muryar tsofaffi? Yana so ya faɗi yadda ake wanke agogo daki-daki, don in riƙa saurara ina koyo, kada in dame shi da tambaya. Na matsa masa makirfo. Ya fara tiryan-tiryan, yadda ake buɗe baya, yadda ake sauke ƙarfin zaren ƙarfen da ke tafiyar da agogo. Can ya zo kan wani ƙaramin agogon mata da aka taɓa kawo masa sau uku a wata ɗaya, alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ce sai a karo na uku ya gane mai agogon ba gyara ya kawo ta ba. Maigida, Inna ce. Ban taɓa jin labarin nan ba. Daga nan bai sake komawa kan wanke agogo ba. Ya yi kusan awa guda yana ba da labarinta, yadda take dariya, yadda ta iya ciniki, abin da ta ce ranar da aka haife ni. Ni dai ina zaune ban motsa ba, ina tsoron kujera ta yi ƙara.

Da ya gama na kunna masa. Ya saurara kaɗan, ya ɓata fuska ya ce, "Wane ne wannan tsohon mai surutu?" Na ce wani ne da na daɗe ina nema. Ya ce to a ajiye shi, wataƙila Auta za ta so shi wata rana.

Na ajiye a wuri uku. Ba zan ba direba ya kawo maka ba, wannan sai muna zaune tare. Babu ƙarar komai a ciki, har inda ya tsaya ya haɗiye yawu kafin ya ambaci sunanta ana ji. Ka gama titinka ka dawo gida ka ji surukinka yana soyayya.

Baba yana gaishe ka, Auta tana gaishe ka da gibinta.

Ni ce taka,
Rediyon Gida